Kuɗin Hayar Agwagi

A tsibirinmu rana ba ta faɗuwa a watan Yuni,
tsakar dare ma sai ki zura zare a allura.
Kafin nan agwagin teku sun hawo tudu,
suna rangaji kamar matan da suka sha tafiya.

Tun Afrilu na shanya ciyawar teku a kan duwatsu,
na gyara musu ɗakuna da katakon tsohon jirgi,
na kulle kyanwa a ɗaka, na hana kare haushi.
Wata biyu ba mai faskare, ba mai ɗaga murya.
Baƙuwa in ta zo haihuwa gidanki,
ke ce ke komawa baƙuwa.

Da bakinta take tsige ƙirjinta,
ta shimfiɗa wa ƙwai abin da ya fi komai laushi.
Ni ban taɓa fige ko ɗaya ba.
Jira ne nawa, kwana ashirin da 'yan kai,
sai ta jera 'ya'yanta su faɗa ruwa,
ko waige babu, balle sallama.
Abin da ta bari a sheƙa, shi ne kuɗin haya.

Sheƙa sittin, wani zubin saba'in,
kafin sikeli ya yarda an cika kilo.
Bana hankaki sun yi mana ɓarna,
guguwa ta ɗauki nata kaso,
na ƙirga, na sake ƙirgawa:
arba'in da ɗaya.

Ga Ingunn, jikata, ta sami aiki a asibitin Narvik,
ɗakin haya, taga mai shigar da iska.
Na riga na ce mata, bargonki na wuyana.
Baki shi ke yanka wuya.

Da duhu ya dawo ya zauna mana,
na sauko da katakon nan mai tsirkiya,
kamar abin kiɗan da ya rasa murya.
A goga gashi a kai, a goga, a goga,
tsinke ya faɗi, ɓawon ƙwai ya faɗi, yashi ya zuba,
laushin kaɗai ke maƙalewa.
Sauran kuwa sai yatsa, ɗaya bayan ɗaya,
ga yatsun sun fara yi mini gardama.
Ko atishawa sai na juya baya,
kada aikin mako ya tashi sama.

Na ɗora a sikeli. Allurarsa ta tsaya nesa.
Na hura, na ɗan taɓa, ta ƙi kunyata.

Daren nan na ɗauko matashin Halvard.
Shekara uku ke nan ba wanda ya taɓa,
har yanzu da lotsawa inda kansa ke kwanciya.
Na daɗe riƙe da almakashi.
Sannan na bi ɗinkin uwarsa, na warware.
Gashin ciki ya yi ja, mai kauri ne, na agwagin gida,
yana warin taba da kwalta da gishiri.
Na tsince masu tsini iyakar ganina,
na cuɗa tsoho da sabo a kwando guda.

Na ɗinke yadin gida-gida, talatin da biyar,
kowane gida da damƙinsa,
don kada ɗumi ya gudu gefe ɗaya ya bar yarinya.
Na rufe baki, na ciji zare.

Jiya ta kira.
Ta ce, Kaka Oddny, kamar ban rufa da komai ba,
amma har zufa nake yi.
Sai dai wani lungu yana ɗan soka ta a haɓa,
ta rasa ko mene ne.

Na ce, haka gemunsa yake yi, bar shi.

Ni kuwa rigar sanyi nake naɗewa in tada kai.
Wuyana yana ƙorafi da safe.
Saura wata uku in fita shanyar ciyawa.